Injiniyan muhallin da ya zaɓi jami'a bai guji aiki ba

Kwanakin baya na ji wani injiniya da ya daɗe a harkar kwangila yana yi wa wata ɗaliba nasiha. Yarinyar ta gama digirin farko a fannin injiniyan muhalli da sakamako mai kyau, malamanta suna ta kwaɗaita mata ta zarce har digirin digirgir, ta zauna a jami'a tana bincike tana koyarwa. Shi kuwa cewa ya yi, "'Yata, kada ki ɓata ƙuruciyarki. Masu aiki suna fili, masu surutu suna aji. Takardun da za ki rubuta, daga ke sai mai duba su ne za ku karanta."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, ba don ya raina ta ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin masu wannan ra'ayi suna da yawa, kuma kuskure ne wanda ba yarinyar kaɗai zai cutar ba.

Ga matsayina. A cikin duk masu hannu a ruwan da muke sha da iskar da muke shaƙa, malamin jami'a ne kusan shi kaɗai zai iya ɗibar samfur, ya auna, ya faɗi abin da ya gani, alhali albashinsa ba ya hannun wanda sakamakon zai tona wa asiri. Injiniyan kamfani yana da uban gida. Ma'aikacin hukumar ruwa yana da shugaba a samansa. Hukumar da ke sa ido kuwa sau da yawa ita ce ta riga ta sa hannu a takardar da ta ce komai lafiya, da wuya ta dawo ta ƙaryata kanta. Don haka al'umma tana buƙatar haziƙan 'ya'yanta a wannan kujera, ba waɗanda suka rasa wurin zuwa ba. Sai dai ba kowane irin zaman jami'a nake karewa ba. Akwai wanda ya cancanci duk zargin da injiniyan nan ya yi, zan zo kansa.

Idan hukuma ta ce ruwa lafiya lau, wa zai sake aunawa?

A watan Afrilun 2014 birnin Flint da ke jihar Michigan a Amurka ya daina sayen ruwa daga Detroit, ya koma jan ruwan kogin Flint don rage kashe kuɗi. Ruwan kogin ya fi na da cin ƙarfe, ga shi ba a zuba masa sinadarin da ke hana bututu zaizayewa ba. Tsofaffin bututun dalma suka fara sakin wannan ƙarfe mai guba a cikin ruwan famfo. Jama'a suka yi ta kukan ruwa ya canza launi da wari, jami'ai suna cewa gwajinsu bai nuna matsala ba.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin ana iya samun sakamako mai daɗin ji ba tare da an ƙirƙiro lamba ko ɗaya ba. Dalma tana taruwa ne a ruwan da ya kwana cikin bututu. Shi ya sa ƙa'idar gwaji ta ce a bar famfo aƙalla awa shida ba a taɓa shi ba, sannan a tari litar farko da ta fito. To idan aka ce wa mai gida ya buɗe famfon tun da dare ya bar shi yana zuba na 'yan mintoci, an riga an wanke wani kaso na dalmar. Idan aka ba shi kwalba mai ƙaramin baki, dole ya sassauta famfon, ruwan da ke tafiya a hankali kuma ba ya ɓamɓaro ɓarɓashin dalmar da ke manne a bututu kamar mai ƙarfi. Idan kuma aka nufi gidajen da bututunsu ba na dalma ba ne, magana ta ƙare. Lamba za ta fito ƙasa da kashi 15 cikin biliyan, iyakar da dokar Amurka ta sa a lokacin don ɗaukar mataki, kowa ya sa hannu ya tafi gida. Duka ukun nan an yi su a Flint.

Ba mai gane wannan sai wanda ya daɗe yana nazarin yadda ruwa ke cin bututu. Marc Edwards, farfesa a jami'ar Virginia Tech, irin wannan mutumin ne, tun farkon shekarun 2000 ya sha irin wannan daga a kan ruwan birnin Washington. A 2015 shi da ɗalibansa suka haɗa kai da mazauna Flint, aka tattaro samfur daga gidaje sama da 250, aka auna a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, aka baza sakamakon a intanet kowa ya gani. Dalma ta haura iyaka. A watan Satumba likitar yara Mona Hanna-Attisha ta nuna cewa yaran da dalma ta yi yawa a jininsu sun ƙaru bayan canjin ruwan. A watan Oktoba birnin ya koma ruwan Detroit.

Haka ma batun motocin Volkswagen. Wasu 'yan tsirarun masu bincike daga jami'ar West Virginia, har da ɗalibai masu neman babban digiri, su ne suka ɗaura na'urar auna hayaƙi a bayan motocin dizal suka hau titi da su, maimakon su tsaya a gwajin cikin ɗaki da kowa ya saba. Rahotonsu na 2014 ya nuna ɗaya daga cikin motocin tana fitar da gurɓataccen hayaƙin naitirojin har ninki 35 na abin da doka ta yarda. A Satumbar 2015 asiri ya tonu cewa an sa wa motocin manhajar da ke gane lokacin gwaji ta gyara hali, kamfanin da kansa ya amsa cewa abin ya shafi motoci kusan miliyan 11 a duniya. Wannan aikin fili ne kamar kowane aikin fili, bambancin kawai shi ne masu yin sa ba a ƙarƙashin mai motar suke ba.

"Takardun da ba mai karantawa"

Gaskiya ne, yawancin maƙalun bincike ba sa zuwa ko'ina. Amma duk abin da injiniyan kwangila yake ginawa yau, da shi ma takarda ne.

Tankunan da ake hura wa iska a matatun ruwan ƙazanta na manyan biranen duniya sun samo asali ne daga gwajin da Edward Ardern da William Lockett suka gabatar a Manchester a 1914, ƙarƙashin kulawar Gilbert Fowler na jami'ar birnin. Sun lura cewa idan aka hura iska cikin ruwan ƙazanta, aka bar laka ta kwanta, sannan aka mayar da wannan lakar cikin sabon ruwa maimakon a zubar, ƙananan halittun da ke cikinta za su cinye ƙazantar cikin kwana guda, aikin da a da yake cin makonni. A shekarun 1970 Gatze Lettinga na jami'ar Wageningen a ƙasar Holan ya fito da wani tsarin da ba ya buƙatar hura iska, ga shi kuma yana ba da iskar gas da za a iya ƙonawa a sami wuta. Yau ana amfani da shi sosai a Barazil da Indiya, inda zafin yanayi yake taimaka masa.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na bakteriyar nan da ake kira anammox, mai cire naitirojin daga ruwan ƙazanta da ƙaramin kashe wuta. Masu bincike a jami'ar fasaha ta Delft ne suka yi ta fama da ita. Halitta ce mai nawar girma, takan ɗauki wajen kwana 11 kafin yawanta ya ninka, alhali wasu bakteriyar cikin sa'a guda sun ninka. Babban tankin farko da aka gina mata a Rotterdam a 2002 sai da ya shekara uku da ɗoriya kafin ya kama aiki yadda ake so. Wane ɗan kwangila ne zai iya zaman jiran wannan, ga ranar miƙa aiki tana matsowa, ga ma'aikata suna jiran albashi? Ba laifinsa ba ne, ba a tsara aikinsa don haka ba. Jami'a ce wurin da aka tanada don irin wannan haƙuri.

Koyarwa ba ragowar aiki ba ce

Abin da ya fi ɓata mini rai a maganar "masu surutu suna aji" shi ne, malaman jami'a da yawa su ma haka suke kallon aji, kamar wani haraji da ake biya don a sami damar komawa ɗakin gwaji.

A watan Mayun 2000, a garin Walkerton na lardin Ontario a Kanada, ruwan sama mai ƙarfi ya kwashi kashin shanu daga wata gona ya shigar da shi ɗaya daga cikin rijiyoyin da garin ke sha. Mutum bakwai suka rasu, wajen 2,300 suka kamu da rashin lafiya, a garin da mutanensa ba su wuce dubu biyar da wani abu ba. Binciken da mai shari'a Dennis O'Connor ya jagoranta ya gano cewa masu kula da ruwan ba sa zuba kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, yadda ya kamata, ba sa auna ragowarsa kullum, suna cike littafin aiki da lambobin da ba su auna ba, kuma ba su da horon da zai sa su san haɗarin abin da suke yi. Na'urar zuba kulorin tana nan, ilimin amfani da ita tun farkon ƙarni na 20 aka san shi. Mutumin da ya fahimci dalili ne babu.

Fahimtar dalili kuwa a gaban malami ake samunta. Ɗauki gwajin nan na kofuna shida da kowane ɗalibin fannin yake yi. Ana jera kofunan gilashi shida cike da gurɓataccen ruwa iri ɗaya, a sa wa kowanne alif gwargwado daban, daga kaɗan zuwa mai yawa. A juya da sauri na minti guda, a sassauta juyi na kusan minti ashirin, sannan a bari ya kwanta. Ɗalibi yana tsaye yana kallo, ya riga ya yanke a ransa cewa kofin da ya fi alif shi zai fi haske. Sai ya ga na uku ko na huɗu ya yi garau, dauɗar ta dunƙule ta sauka ƙasa, na shida kuwa da ya sha alif har yanzu da hazo-hazo. Daga ranar ya san cewa yawan magani ba shi ne yawan tsabta ba, kuma idan damina ta sauka kogi ya canza, sai an sake gwajin. Malamin da ya tsaya har ɗalibai arba'in suka ga wannan da idonsu, hannunsa ya kai matatu arba'in da ƙila ba zai taɓa taka ƙafarsa cikinsu ba.

Inda na yarda da masu suka shi ne malamin da bai taɓa shiga matata ba, bai san warin tankin laka ba, bai taɓa ganin famfon tura ruwa ya tsaya da tsakar dare ba, yana karanto lissafi daga littafi. Irin wannan ɗalibansa sukan gane shi tun makon farko. Maganin abin a tura malamai su yi watanni a matatu da wuraren zubar da shara, a kuma buɗe wa injiniyoyin da suka ƙware a fili ƙofar shiga aji, har da irin wanda na ji yana nasihar nan. Abin da ke kansa ya fi ƙarfin ya tafi da shi ritaya.

Ladan kuturu

Wani zai ce, ina 'yancin yake? Bincike kuɗi yake ci, kuɗin kuma daga gwamnati ko kamfani yake fitowa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, ba kuma zan ce babu malaman da suka yi askin ba. Shekaru da dama kusan duk binciken da ake yi a Amurka kan illar dalmar da ake zubawa a man fetur, masana'antar ce ke biyan kuɗinsa, sakamakon kuma kullum sai ya fito cewa ba abin damuwa.

Amma wa ya karya wannan? Wani malamin jami'ar ne, Clair Patterson na jami'ar Caltech a Amurka. Yana auna dalma a duwatsu don wani binciken daban, sai ya ga ko'ina ya juya dalma ta gurɓata masa samfur, a iska, a ƙura, a ruwa. Ya bi diddigi har ƙanƙarar Greenland da zurfin teku, a 1965 ya wallafa cewa dalmar da ke jikin mutanen zamani ta ninka ta asali nesa ba kusa ba. Ƙungiyar masu harkar man fetur ta janye tallafin da take ba shi, aka kuma ƙi sa shi a kwamitin ƙasa da ya duba batun a 1971. Kujerarsa ta jami'a dai ba su iya ƙwacewa ba, ya ci gaba da aunawa. Amurka ta haramta fetur mai dalma ga motoci a 1996, ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi kuma ita ce Aljeriya a 2021.

Don haka 'yancin ba cikakke ba ne, amma akwai shi, kuma ana iya ƙarfafa shi da abubuwan da aka sani: a bayyana wanda ya biya kuɗin kowane bincike, jami'a ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar da ta ba kamfani ikon hana wallafa sakamako, a ajiye ɗanyen alƙaluma inda wani zai iya dubawa, kada kuma a iya korar malami don abin da na'urarsa ta nuna.

Akwai masu tsoron kishiyar wannan, wato malami ya zama ɗan gwagwarmaya har son gaskata ɓangarensa ya rufe masa ido. Tsoro ne mai tushe. Ma'aunin da nake gani shi ne ko mutum zai faɗi sakamakon da bai yi wa masoyansa daɗi ba. Edwards da kansa, da gwaji ya fara nuna ruwan Flint yana gyaruwa, ya faɗa, hakan kuma ya jawo masa saɓani da wasu da a da suke tafa masa.

Shekaru da aljihu

Ba zan yaudari kowa ba, hanyar tana da tsawo. Digirin digirgir yakan ci shekara uku zuwa shida gwargwadon ƙasa da tsari. Bayansa a ƙasashe da yawa sai mutum ya yi wasu shekarun yana aikin bincike na wucin gadi, kwantiragin shekara ɗaya ko biyu, yana ƙaura daga wannan jami'a zuwa waccan da iyalinsa. Kujerun dindindin ba su kai masu nema ba, dalilin kuwa a fili yake: farfesa ɗaya zai yaye ɗalibai da yawa a rayuwarsa, kujera ɗaya zai bari idan ya yi ritaya. Abokan karatun da suka shiga kamfani tun farko za su riga shi tsayawa da ƙafafunsu.

Sauƙin abin a wannan fanni shi ne digirin ba ya zama asara ko da kujerar ba ta samu ba, hukumomin ruwa da masu sa ido kan muhalli da kamfanonin ba da shawara duk suna ɗaukar masu shi. Wanda dai yake son a kira shi Dakta ne kawai, ko wanda ba zai jure gwaji ya lalace bayan wata uku ya sake daga farko ba, gara ya nemi wata hanyar tun da wuri.

Inda jami'a ke cutar kanta

Yanzu ga zaman da na ce ba zan kare ba. A jami'o'i da yawa ƙarin girma ya koma ƙidaya: maƙala nawa, a wace mujalla, mutum nawa suka ambace ta. Malami mai hankali sai ya duba wane bincike ne zai fi saurin haihuwar takarda. Shi ya sa mujallu suka cika da maƙalu masu kama da juna, wani ya haɗa wani sabon garin sinadari a ɗakin gwaji, ya zuba a ɗan kofin ruwan da shi da kansa ya sa wa rini, ya nuna rinin ya fita, ya wallafa. Wata shida ya canza garin ya sake. Ba a gwada shi da ainihin ruwan masana'anta ba, ba a lissafa kuɗin yin tan guda ba, ba a faɗi inda za a zubar da garin bayan ya sha guba ba.

Alhali ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ta 2022 ta ce mutum biliyan 2.2 ba su da ingantaccen ruwan sha, biliyan 3.5 kuma ba su da ingantaccen tsarin bayan gida. Tambayoyin da suka shafi waɗannan mutane ba su da ƙyalli. Yaya za a kwashe masai idan ya cika a unguwar da mota ba ta shiga? Ina za a kai abin da aka kwaso? Me ya sa ƙaramar matatar da aka gina da kuɗin tallafi take mutuwa bayan 'yan shekaru? Amsa su yana cin lokaci, yana buƙatar shiga wuraren da ba daɗi, takardar da za ta fito kuma ba lalle manyan mujallu su karɓa ba.

A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyin tuƙa-tuƙa tun daga shekarun 1970 don a raba mutane da ruwan tafki mai kawo amai da gudawa, sai a 1993 aka tabbatar cewa ruwan ƙasan yana ɗauke da gubar asenik. Abul Hussam, malamin kimiyyar sinadarai a jami'ar George Mason ta Amurka kuma ɗan asalin Bangaladash, ya fito da matata ta bokitai biyu, ɗaya a kan ɗaya, da yashi da gawayi da gutsattsarin bulo da wani haɗin ƙarfe mai kama gubar. Ba ta buƙatar lantarki. Ta ci kyautar injiniya ta Grainger a 2007, abin da ya fi kyautar kuma shi ne ta shiga gidaje. Irin wannan aikin ne tsarin ƙidaya yake hana matashin lakcara kusanta, don ya san kafin ya kai ga sakamako abokan aikinsa sun tara maƙala goma sun wuce shi.

Malaman fannin sun san matsalar. Edwards da Siddhartha Roy sun yi rubutu a kai a 2017, suna gargaɗin cewa gasar lambobi tana tura masu bincike ga yanke hanya har da maguɗi. Tun 2012 ma aka tsara sanarwar San Francisco, wadda ta nemi a daina auna malami da sunan mujallar da ya wallafa a ciki, jami'o'i da dama sun sa hannu. Amma sa hannu daban, abin da kwamitin ƙarin girma yake yi idan ya zauna da fayil a gabansa daban.

Abin da nake nema daga waɗannan kwamitoci ba shi da wuya. Su karanta ayyuka uku ko huɗu da malami ya zaɓa da kansa, su bar ƙirga jeri. Su tambayi inda ɗalibansa suke da abin da suka iya. Su ɗauki alƙaluman kogin da mutum ya yi shekara goma yana aunawa kowane wata a matsayin aikin ilimi, ko da ba a sami abin mamaki a ciki ba, domin ranar da kogin ya canza da su za a gane. Lakcaran da ya shekara biyu yana gyara yadda wata ƙaramar matata ke zuba kulorin, ya horar da ma'aikatanta, har aka daina samun bakteriya a famfon ƙarshen layi, yau a fom ɗin ƙarin girma na jami'o'i da yawa ba shi da gurbin da zai rubuta wannan. A buɗe masa gurbin, a kuma ba shi maki daidai da na maƙala.